Yadda Ake Kallon Fuskar da Allura Ta Zana

Ecin wata hanya ce ta buga hoto wadda ake zana layuka a kan allon jan ƙarfe, a bar ruwan asid ya ci su, sannan a cika su da tawada a danna wa takarda. Mai aikin yakan fara da goge allon har ya yi sheƙi, ya shafe shi da wani haɗi na kakin zuma da ƙaro da kwalta, ya turara shi da hayaƙin kyandir har ya yi baƙi. Daga nan sai ya ɗauki allura ya yi zane a kan kakin. Allurar ba ta sassaƙa ƙarfen, kakin kawai take yayewa, ta bar jan ƙarfe yana walƙiya a ƙarƙashi. Idan aka tsoma allon cikin asid, duk inda kaki ya rufe yana nan lafiya, inda allura ta bi kuwa sai asid ya haƙa ɗan kwari. Bayan an wanke kakin, a cusa tawada cikin waɗannan kwarurruka, a share saman allon da ƙyalle da tafin hannu, a ɗora takarda mai danshi, a tura su tare tsakanin nadi biyu na injin matsi. Takardar ce ke shiga kwarin ta tsotso tawadar. Shi ya sa hoton yake fitowa a juye kamar rubutun hatimi, kuma shi ya sa ake ganin shatin gefen allon ya nutse a jikin takarda.

Asalin dabarar daga maƙera take. Masu ƙera sulke a Turai sun daɗe suna yi wa ƙarfe ado da asid, kuma wajen shekarar 1500 wani mai irin wannan sana'a a birnin Augsburg na Jamus, Daniel Hopfer, ya fara buga irin wannan zane a takarda. Mai zane Albrecht Dürer ya gwada ta a kan allon baƙin ƙarfe tsakanin 1515 da 1518, sai dai baƙin ƙarfe yana tsatsa, don haka daga baya aka koma jan ƙarfe. Abin da ya jawo masu zane gare ta shi ne sauƙin hannu. Kafin ita, mai son buga hoto daga ƙarfe dole ya tura ƙarfen sassaƙa mai kaifin baki da ƙarfin dantse, aikin da ake shekaru ana koyo, kuma layinsa yakan fito a tsare, a miƙe. Allura kuwa tana yawo a kan kaki kamar alƙalami a kan allo. Rawar hannu, da gaggawa, da shakka, da canjin shawara, duk suna tsallakewa zuwa takarda.

Abu na farko da ya kamata matashi mai kallon irin wannan hoto ya riƙe shi ne babu komai a cikinsa sai baƙin layi da farar takarda. Ba launi, ba ruwan toka. Duk inuwar da ido yake gani a ƙarƙashin hanci ko a kwarmin ido, layuka ne aka jera kusa da juna, ko aka gicciya su kamar saƙar tabarma, har ido ya haɗe su ya ga duhu. Wanda yake son gane wannan tun kafin ya ga aikin wani gwani, ya zaro takardar naira 200 ya kusanto da fuskar Sardauna Ahmadu Bello zuwa idonsa. Zai tarar da kumatu da rawani duk ƙananan layuka ne da ɗigo-ɗigo masu lanƙwasa. Hoton kuɗi salon sassaƙa ne, wanda ya fi ecin tsari da ƙa'ida, amma tushen ɗaya ne: layi ne ke haifar da haske da inuwa.

Yawancin masu fara kallo tambayarsu guda ce, wai ko hoton ya yi kama da mai shi. Tambaya ce mai kyau ga mai ɗaukar hoton fasfo, amma a nan ba ta kai mutum ko'ina, domin mutanen da aka zana sun rasu shekaru ɗaruruwa da suka wuce, babu mai rai da ya san kamanninsu. Abin da ya rage a takarda shi ne shawarwarin da mai zane ya yanke, kuma su ne abin karantawa. Ina ya sa mutumin ya zauna, daga ina ya shigo da haske, ina ya tara layi har ya yi duhu, ina ya ɗauke hannunsa ya bar takarda fara. Matashin da ya koyi yin waɗannan tambayoyi zai iya shafe rabin sa'a a gaban hoton da bai fi tafin hannu ba, bai gaji ba.

Layin kansa yana da hali iri-iri. Akwai alkiblarsa: gwani yakan sa layukan su bi zagayen goshi da ƙashin kunci, ta yadda fuskar za ta taso kamar ana iya shafa ta, wanda bai ƙware ba kuwa sai ya jera su a miƙe, fuskar ta kwanta kamar faifai. Akwai kuma zurfinsa. Layin da ya daɗe cikin asid ya fi faɗi da zurfi, ya fi shan tawada, ya fi baƙi. Saboda haka masu aikin sukan ciro allon bayan ɗan lokaci, su rufe wuraren da suke so su kasance da sauƙi da wani irin fenti mai hana asid ci, su mayar da shi, su sake cirowa, har sau da yawa. Jacques Callot, mutumin Nancy a Faransa ta yau, wanda ya rasu a 1635, shi ne ya yi fice wajen inganta wannan dabara. A hoton mutum, yawanci layukan fatar fuska su ne aka fara rufewa, na hula da riga su ne suka fi daɗewa a ruwa.

Sai wata dabara da ake haɗawa da ecin, wato karta. A nan ba kaki ba asid, mai zane yana kartar ƙarfen kai tsaye da allura mai ƙarfi. Allurar tana tayar da ɗan tudun ƙarfe a gefen layin, kamar yadda garma ke tayar da kunya a gefen kwari. Wannan tudu yana riƙe tawada, sai layin ya fito da gefe mai laushi da baƙi mai kauri kamar karan-miski. Mai kallo da ya ga wani wuri a gashin baki ko a naɗin riga inda baƙin ya yi kamar ya jiƙe ya bazu, to karta ce. Ba ta da ƙarko. Nauyin injin yana murƙushe tudun, bayan 'yan gomomin bugu sai ya kwanta, laushin ya tafi.

Game da sanin inda za a tsaya, babu malamin da ya kai Anthony van Dyck na Antwerp, wanda ya rayu daga 1599 zuwa 1641. Ya shirya tarin hotunan shahararrun mutanen zamaninsa, kuma wajen 1630 ya zana kusan 15 daga cikinsu da hannunsa, mafi yawa 'yan uwansa masu zane. Yakan gama kai tsaf, da ƙananan ɗigo a fata da layuka masu rai a gashi, sannan ya bar kafaɗa da riga a layi biyu ko uku, wani lokaci ma ya bar su babu komai. A hoton kansa, kai ne kaɗai a saman allon, yana waiwaye, sauran takardar fara fat. Masu buga littattafai na lokacin sun ga kamar aikin bai ƙare ba. Suka ba masu sassaƙa allunan suka cike su, har ɗayansu, Jacob Neefs, ya mayar da wancan kan na van Dyck gunki a kan ginshiƙi, aka sa shi a bangon tarin a bugun 1645. Duk wanda ya ajiye bugun farko da na baya gefe da gefe zai ga abin da aka yi asara. A na farko ido yana zuwa ga fuskar kai tsaye, farar takardar kuma ta zama iska da haske a kewayenta. A na biyu an cika ko'ina da layuka masu tsabta, fuskar ta zama abu ɗaya cikin abubuwa da yawa.

Wanda ya kai wannan fasaha ƙololuwa shi ne Rembrandt van Rijn, da aka haifa a Leiden ta ƙasar Holan a 1606, ya rasu a Amsterdam a 1669, ya bar hotunan ecin kusan 300. Yadda ya koya abin lura ne ga matasa. A 1630, yana da shekara 24, ya zauna gaban madubi ya zana fuskarsa a ƙananan alluna, wasu ba su wuce santimita biyar ba: a nan yana dariya, a can ya murtuke, a wani ya zaro ido ya tsuke baki kamar wanda aka firgita. Layukan a hargitse suke, gashin kamar an yi shi da gudu. Fuskar da ta fi kusa da shi ya mayar abin gwaji, yana binciken yadda gira da leɓe ke motsi idan zuciya ta motsa. A wasu hotunansa ana ganin lamba ɗaya ta shekara ta fito a juye, alamar ya manta da juyin allo a lokacin da hankalinsa ke kan fuskar.

Hoton da ya fi cancanta a daɗe a kansa shi ne na Jan Six, na shekarar 1647. Six saurayi ne ɗan gidan masu arziki, mai son waƙa da wasan kwaikwayo, wanda daga baya, a 1691, ya zama ɗaya daga cikin magadan garin Amsterdam. Al'adar lokacin ita ce a zana babban mutum yana fuskantar mai kallo, ƙirji a buɗe, sunansa da muƙaminsa a rubuce a ƙasa. Rembrandt ya kauce wa wannan. Ya tsayar da Six a cikin ɗaki mai duhu, ya jingina bayansa da taga, kansa a sunkuye yana karatu, wuyan rigarsa a kwance, bai ma san ana kallonsa ba. Zanen gwaji na farko da ya rage ya nuna shi da kare yana tsalle a jikinsa, daga baya aka cire karen aka ba shi abin karatu. Wannan canji kaɗai ya sauya mutumin da ake nunawa, daga ɗan gata mai shaƙatawa zuwa mai ilimi da ya nutse cikin tunani.

Tsarin hoton ya rataya ne a kan tagar. Ita ce wuri mafi haske, kusan ba layi a cikinta, kuma an ɗora kan Six daidai a bakinta, gashinsa mai laushi yana shan haske ta baya. A ƙa'ida mutumin da ya ba taga baya fuskarsa duhu za ta yi. Rembrandt ya warware wannan da takardun da ke hannun Six: haske ya sauka a kansu ya dawo sama ya haskaka fuskar a hankali. Ke nan abin da yake karantawa shi ne ke haska shi, kuma da wuya a ce hakan ya zo ne bisa tsautsayi. Sauran ɗakin, wanda ya ci fiye da rabin allon, duhu ne da aka saƙa da dubban layuka sirara, ecin da karta da sassaƙa a haɗe, har ba a iya rarrabe su sai da gilashin ƙara girma. Duhun kuma ba toshe yake ba. Idan ido ya saba da shi, kamar mai shiga ɗaki daga rana, sai kaya su fara bayyana ɗaya bayan ɗaya: littattafai a kan kujera, takobi da alkyabba a ajiye, hoto a bango da labule ya rufe wani sashensa. Mai gaggawa ba zai ga ko ɗaya ba. Allon jan ƙarfen wannan hoto har yau yana hannun zuriyar Six a Amsterdam.

Yadda zama da sutura ke magana ya fito fili a hotuna biyu da Rembrandt ya yi wa kansa. A 1639, shekarar da ya sayi babban gidansa a kan kuɗin Holan gilda 13,000, ya zana kansa da hular karan-miski a karkace, gashi har kafaɗa, tufafi irin na manyan mutanen ƙarnin da ya gabata, ya ɗora hannu a kan dakalin dutse yana kallon mutane ta gefen ido. A wannan shekarar an yi gwanjon hoton Baldassare Castiglione wanda mai zane Raphael ya yi, a Amsterdam, Rembrandt ya gan shi har ya yi masa zanen gaggawa, kuma zaman nasa ya ɗauko daga wannan hoto da wani na mai zane Titian. Matashi ne yake sanar da duniya cewa shi ma sahun waɗancan yake. A 1648, bayan rasuwar matarsa Saskia da shekara shida, ya sake zana kansa. Wannan karon yana zaune a gefen taga cikin rigar aiki da hula marar ado, abin zane a hannunsa, yana fuskantar madubi gaba da gaba, fuskar ta yi nauyi, an gina ta da layi a kan layi. Na farkon ya fi ƙawa, kuma yawancin matasa shi za su fara so. Na biyun ya fi wuyar yi, domin babu abin da zai ɗauke ido daga fuskar.

Bayan fuska, hannu ne abin dubawa. A hoton mai wa'azi Jan Cornelis Sylvius na 1646, wanda aka yi shekara takwas bayan rasuwarsa, mutumin ya leƙo daga cikin wani zagaye mai siffar ƙwai, ya miƙo hannu waje, har inuwar hannun ta faɗi a kan bakin zagayen. Wannan inuwa ƙarama ita ce ta sa ake jin kamar yana magana da wanda ke gabansa. A hoton maƙerin zinariya da azurfa Jan Lutma na 1656, dattijon ya nutse cikin babbar kujera, yana riƙe da ɗan ƙaramin abin da ya ƙera, guduma da ƙarafan aikinsa suna kan tebur a gefensa. Ba a buƙatar rubutu kafin a san sana'arsa.

Hoton Lutma kuma yana koyar da abin da masana ke kira mataki. Mai ecin yana iya buga kwafi kaɗan, ya koma kan allon ya ƙara ko ya goge, ya sake bugawa, kuma kowane canji sabon mataki ne. A matakin farko bayan Lutma bango ne fari, kan dattijon da baƙar hularsa sun fito tsaf. A na biyu an ƙara taga mai zurfi da kwalba a bakinta, tare da sa hannu da shekara. Tagar ta ba hoton ɗaki da tushen haske, ta kuma rage wa fuskar kaɗaicin da ya sa take kama ido. Masu kallo sun rabu a kan wanda ya fi, kuma rabuwar tana da amfani, domin matashin da aka ce ya zaɓi ɗaya ya faɗi dalili dole ya koma ya duba da kyau. Fenti yana binne gyaransa a ƙarƙashin sabon shafi. Ecin yana barin kowane mataki a takardarsa daban, a iya jera su a bi tunanin mai zane daga farko zuwa ƙarshe.

Bugun ma wani ɓangare ne na aikin. Kwafi biyu daga allo ɗaya suna iya bambanta ƙwarai. Rembrandt wani lokaci yakan bar ɗan siririn shafin tawada a saman allon maimakon ya share shi tas, sai hoton ya fito da dishi-dishi kamar na almuru. Daga wajen 1647 ya fara bugawa a kan takardar Japan, wadda jiragen kasuwancin Holan ke kawowa, mai santsi da launin ruwan ƙwai, tana shan tawada daban da takardar Turai. Alluna kusan 80 na aikinsa sun tsira bayan rasuwarsa, 'yan kasuwa suka ci gaba da buga su a ƙarni na 18 da na 19, suna sake haƙa layukan da suka shafe. Irin waɗannan kwafi na baya sukan fito da inuwa toka-toka ko baƙi mai toshewa, laushin karta ya ɓace. Saboda haka kada matashi ya yanke wa hoto hukunci daga kwafi ɗaya da ya ci karo da shi. Ya duba bayanin da gidan tarihi ya rubuta, ya ga wane mataki ne, a kan wace takarda.

Hanyar Rembrandt ba ita kaɗai ba ce. Anders Zorn na ƙasar Suwidin, a hoton masani Ernest Renan na 1892, kusan bai zagaye komai da layi ba. Ya zuba dogayen layuka a karkace kamar ruwan sama da iska ke kaɗawa. Daga kusa hargitsi ne, daga taku uku baya sai tsohon ya bayyana a zaune da nauyinsa. A Najeriya ma an yi aiki da asid da allon ƙarfe: Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi karatun zane a Zariya a ƙarshen shekarun 1950, ya yi suna da bugu mai zurfi da ya samo hanyarsa a 1967 bayan asid ya ɓata masa wani allo ya gyara shi.

Ganin waɗannan hotuna a yau bai buƙatar tafiya Turai. Gidan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam da na British Museum a Landan sun sa hotunan tarinsu a intanet, ana iya buɗe su a waya a faɗaɗa har layi ɗaya ya fito fili. Sai dai waya tana ɓoye girma, don haka yana da kyau a karanta awon hoton, a yanki takarda daidai da shi, a ga ƙanƙantar filin da aka yi aikin a ciki. Daga nan a kalli hoton gaba ɗaya da ido a ɗan runtse, har ƙananan abubuwa su ɓace, a ga inda haske da duhu suka rabu. Sannan a faɗaɗa ido ɗaya da gefen hanci, a bi layukan a ga inda suka nufa.

Mataki na gaba shi ne kwaikwayo da biro. Biro ya dace da wannan aiki domin ba ya gogewa kuma ba ya shafuwa da yatsa, dole inuwa ta fito daga layi kamar yadda take a ecin. Matashi ya zaɓi wuri ƙarami, misali idon Lutma na ɓangaren inuwa, ya kwafe shi layi bayan layi, yana ƙirga sau nawa aka gicciya su. Asid kuwa abu ne mai ƙona fata da huhu, ba a taɓa shi sai a ɗakin aiki mai iska, ƙarƙashin malamin da ya san shi. Bayan an kwafi ido da baki na gwanaye sau da yawa, sai a zaunar da wani na gida kusa da taga da hantsi, a rufe ƙofa domin haske ya zo ta gefe ɗaya, a fara da wuraren da suka fi duhu, a bar goshi da ƙashin kunci na ɓangaren taga babu layi ko ɗaya.